Sabuwa a kwali ko 'yar Landan? Abin da za ka auna kafin ka sayi laftof

Ɗiyar yayata ta samu gurbin karatu a sashen ilimin kwamfuta na Jami'ar Bayero, sai ta kira ni bayan la'asar ta ce: "Kawu, an ce kowa ya zo da laftof ɗinsa. Baba ya ba da kuɗin, amma ya ce sai sabuwa a kwali mai garanti, shi ba ya son kayan gwanjo. Umma kuwa ta ce a tambaye ka tukuna." Maganar mahaifinta ita ce maganar yawancin iyaye, kuma ba maganar banza ba ce. Wanda ya tara kuɗi da guminsa yana son a ba shi takardar da zai riƙe idan abu ya lalace. Sai dai kalmar garanti tana da nauyi daban a bakin mai shago, da nauyi daban a takardar kamfani, sannan akwai abin da ya fi ta muhimmanci a wurinmu, wato ko kwamfutar tana buɗuwa a ƙara mata ƙarfi, a sauya abin da ya gaji a cikinta.

Kuɗin da aka ba yarinyar, idan ka shiga Beirut Road ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, abu biyu zai iya saya. Na farko sabuwar laftof ƙarama dal a leda, irin mai firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Celeron da RAM (ma'ajiyar aikin da ake kan yi) 4GB. Na biyu tsohuwar laftof ta ma'aikatan kamfanoni da aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka, wadda ake kira 'yar Landan ko tokumbo, irin su Lenovo ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5 ko Dell Latitude 5490. Akwai na uku da 'yan makaranta ke kwaɗayi, MacBook Air ta Apple mai firosesa M1, amma wannan sai an ƙaro kuɗi mai kauri ko da ta hannu ce. Farashi na bin dala tun da aka saki naira a Yunin 2023, don haka abin da ya fi amfani shi ne mutum ya san me kowace za ta yi masa, sannan ya je kasuwa da sanin.

Sabuwar mai Celeron ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Firosesa irin N4020 ƙwayar aiki biyu ke gare ta, an yi ta ne don rubutu da kallon bidiyo da shiga intanet. RAM 4GB shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, ma'ana da zarar ka kunna, manhajar kanta ta cinye fiye da rabi. Ka buɗe Chrome da shafi goma da Word, sai ta fara jan ƙafa. Abin da ya fi damuna shi ne da yawa daga irin waɗannan an liƙe RAM ɗinsu a jikin bod (babban faifan da kayan ciki ke kai) da dalma, ma'ajiyar fayil ɗinsu kuma irin da ake kira eMMC ce, ita ma a liƙe. Ba a cirewa, ba a ƙarawa. Yadda ka saye ta haka za ka rabu da ita. Garantin shekara ɗaya zai gyara maka ita idan ta mutu da kanta, amma babu garantin da ke gyara rashin sauri, domin a idon kamfani lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ba na cewa duk sabuwa haka take. Wanda ke da hali ya hau zuwa sabuwa mai firosesa Core i5 zubi (janareshan) na 12 ko sama, ko Ryzen 5, ya samu inji mai kyau da batir sabo. Amma nan ma a duba. Duk inda ka ga an rubuta LPDDR4X ko LPDDR5 a bayanin RAM, to kusan ko da yaushe liƙaƙƙe ne. Misali Ryzen 5 7520U da ke cikin sababbin laftof masu sauƙin kuɗi da yawa, LPDDR5 kaɗai take aiki da shi, saboda haka wadda ta zo da 8GB za ta mutu da 8GB. Idan za ka sayi irin wannan, ka sayi mai 16GB tun ranar farko. Wasu kuma an liƙe rabi an bar gurbi ɗaya, wannan da dama-dama. Kada ka dogara da "ai ana ƙara mata" ta mai shago. Lenovo na da shafin PSREF da ke zayyana kowane samfuri, HP da Dell na wallafa littafin gyaran kowace kwamfuta kyauta a intanet. Idan kwamfutar na gabanka a kunne, buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka danna Memory: za ka ga gurabe nawa ake amfani da su, kodayake littafin kamfanin ya fi wannan tabbas.

Yanzu ga inda maganar take da daɗi, wato tsofaffin kwamfutocin ofis. Manyan kamfanoni da bankuna a Turai da Amurka kan sayi laftof dubbai, su yi aiki da su shekara uku ko huɗu, su sallame su. Su ne ke cika kwantenoni su sauka Legas. An ƙera su ne don ma'aikacin gyara na kamfani ya kwance cikin minti biyar, shi ya sa sukurori kaɗan ke riƙe da murfin ƙasa, kuma da ka ɗaga shi komai na gabanka.

ThinkPad T480, wadda ta fito a 2018, ita ce misalin da na fi so. Gurbin RAM biyu gare ta, duka a buɗe, nau'in DDR4, kuma Lenovo ya ce tana ɗaukar har 32GB. Ma'ajiyarta ana cirewa a sa SSD babba, wato ma'ajiyar fayil mai sauri. Abin da ya sa take dacewa da ƙasar da wuta ke zuwa tana tafiya shi ne batir biyu: ƙarami a ciki mai 24Wh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), da na waje da ake zarewa da hannu, wanda ke zuwa a girma uku, 24, 48 da 72Wh. Kana iya zare na waje ka maƙala wani kwamfutar na kunne, na cikin ya riƙe ta. Ɗalibin da ke da batir biyu na waje a jaka zai iya wuni a ɗakin karatu bai nemi soket ba. Wadda ta biyo bayanta, T490 ta 2019, an cire wannan tsari, kuma an liƙe wani ɓangare na RAM an bar gurbi ɗaya. T480s ma haka, ɗaya liƙe ɗaya a buɗe. Harafi guda a ƙarshen suna na iya sauya lissafi gaba ɗaya, don haka a karanta abin da ke rubuce a ƙasan allo da kyau.

Tana da nata aibun. Akwai masu allo mai ɗigo 1366 da 768, mai dishi-dishi, wanda in ka karkata kai launi ya sauya. Ka nemi mai 1920 da 1080 nau'in IPS, idanun mai karatu ba abin wasa ba ne. Sannan ta USB-C kaɗai take caji, kuma wannan samfuri ya yi fama da matsalar manhajar Thunderbolt, fasahar ramin USB-C ɗin, wadda ke iya kashe ramin, har Lenovo ya fitar da gyara. Ka gwada ramukan biyu da caja a shago, in ka isa gida ka sabunta. EliteBook 840 G5 kuwa ta fi ta kyan gani, jikinta na ƙarfe ne fari, ita ma gurbi biyu, amma batirinta na ciki ne sai an kwance. Latitude 5490 ta fi su kauri da nauyi, gurbi biyu ita ma, kuma kayan gyaranta sun wadata a kasuwa. Tsakanin ukun nan, lafiyar wadda ke gabanka ta fi sunan kamfani muhimmanci.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe shi ne lambar zubi, wadda 'yan kasuwa ke kira janareshan. Mai shago zai ce maka "Core i7 ce, Alhaji", kamar wannan ya gama magana. Bai gama ba. Core i7-7500U ƙwayar aiki biyu ce, Core i5-8250U kuwa huɗu ce, don haka i5 ta zubi na 8 ta fi i7 ta zubi na 7 ƙarfin aiki nesa ba kusa ba. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin, daga zubi na 10 zuwa sama kuwa lambobi biyun farko ne. Kuma ba sauri kaɗai ba ne. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ƙarin wa'adin tsaro da aka ba masu amfani na gida kuma an sanar da shi ne zuwa Oktoban 2026. Windows 11 a hukumance tana neman 'yar na'urar tsaro TPM 2.0 da Intel zubi na 8 zuwa sama, ban da 'yan ƙalilan, ko Ryzen 2000 zuwa sama. T470 da EliteBook 840 G3 da G4 da suka cika kasuwa da araha duk suna ƙasa da wannan layi. Masu gyara kan ɗora musu Windows 11 ta bayan gida, tana kuma aiki, amma ba da lamunin Microsoft ba, kuma babban sabuntawa na iya tsayawa. Wani abin lura: akwai T480 da 840 G5 da aka ƙera da firosesa zubi na 7. Sunan samfuri bai isa ba, sai ka ga lambar firosesa da idonka.

To ina garanti a nan? Garantin kamfani na kwamfutar 2018 ya ƙare tuntuni. Abin da ya rage shi ne alƙawarin mai shago, mako ɗaya ko biyu ko wata guda, kuma darajarsa daidai take da darajar mutumin. Shekarun baya na sayi wata ta hannu a wani shago, aka ce mini "garanti wata ɗaya" da baki, ban nemi a rubuta ba. Kwana goma sha biyu allon ya fara zane-zane. Da na koma, sai yaron shagon ya ce: "Malam, ai garantinmu bai haɗa da allo da batir ba." Wataƙila haka tsarinsu yake tun asali, amma ba a faɗa mini ranar ciniki ba, ni kuma ba ni da abin nunawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin kuɗin na wata uku na tara. Tun daga ranar ba na barin shago sai an rubuta a rasit: samfuri, lambar siriyal, firosesa, girman RAM da SSD, kwanakin garanti, abin da ya ƙunsa, da kuma ko musanya za a yi ko mayar da kuɗi. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. A fiƙihunmu ma mai saye na da zaɓin mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana, kuma dokar kare masu saye ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, tana bayan mai saye a kan kaya mai lahani. Amma ko a gaban shugaban kasuwa ko a gaban hukuma, rasit ne zai yi magana.

Garantin sabuwa fa, wanda mahaifin yarinyar ya dogara da shi? Yana da amfani na gaske, musamman idan bod ya mutu, domin shi ne gyara mafi tsada. Sai dai a san iyakarsa. Garantin kamfani na shekara ɗaya yana rufe lahanin ƙira ne kawai. Shayi ya zube a madannai, babu. Ta faɗo daga kan benci allo ya fashe, babu. Wuta ta dawo da ƙarfi ko janareta ya yi tsalle ya ƙona ta, babu. Waɗannan ukun kuwa su ne suka fi kashe kwamfuta a gidajenmu. Kariyar haɗari wani tsari ne daban da ake biya wa kuɗi daban. Ko a kwamfutocin da ke da garantin shekara uku, batir yawanci shekara ɗaya yake samu, domin ana ɗaukarsa abin da ke ƙarewa da amfani.

Sannan akwai tambayar da ba a cika yi ba: wannan kwalin, don wace kasuwa aka yi shi? Da yawa daga sababbin laftof da ke shagunanmu an saro su ne daga Dubai ko Amurka, ba ta hannun dillalin kamfani na Najeriya ba. Garantin wasu ya tsaya a yankin da aka sayar da su. ThinkPad da yawa na cikin tsarin garantin ƙasa da ƙasa na Lenovo, Dell kuma na neman a sauya sunan mai kaya da ƙasa a shafinsa kafin a yi maka hidima a wani wuri. Haka nan agogon garanti kan fara tafiya tun kwamfutar na cikin sito, sai ka tarar wata biyar sun riga sun tafi. Ana iya gyara ranar idan kana da rasit daga dillalin da kamfani ya sani. Duk wannan ana dubawa cikin minti biyu da waya. A ƙasan kwamfuta akwai lambar siriyal, ta Dell ana kiranta Service Tag, haruffa da lambobi bakwai. Ka sa ta a shafin tallafi na kamfanin, zai nuna maka ranar farawa da ranar ƙarewa. Ka kuma tambaya: idan ta lalace, ina zan kai ta? Idan amsar ita ce sai an aika Legas a jira makonni, ɗalibar da ke tsakiyar aikin kammala zango ta san abin da hakan ke nufi. Ita kuwa ThinkPad ko Latitude, madannai ko fanka ko batir ko allo, a rana ɗaya mai gyara a Kano zai sauya.

Wani zai ce, in na buɗe sabuwa na ƙara RAM, garanti bai tashi ba? A manyan kamfanonin nan, sauya RAM ko SSD shi kaɗai ba ya soke garanti, amma ɓarnar da aka yi garin kwancewa a kanka take, kuma abin da ka sa ba ya ƙarƙashin lamuninsu. Ka adana na asalin, in za a kai gyara a mayar. Masu shago kuwa kan manna 'yar takarda a kan sukuru, in ta yage alƙawari ya tashi. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi ƙarin a shagon, a gabanka, ranar ciniki, a rubuta a rasit.

MacBook Air mai M1, ta Nuwamban 2020, dole a yi mata adalci. A maganar batir babu tsohuwar ThinkPad da za ta kama ƙafarta da batir ɗaya: Apple ya ce har awa 18 na kallon bidiyo, kuma ko an rage don tsufa, abin da ya saura mai yawa ne. Ba ta da fanka, don haka ba ta zuƙar ƙurar hunturu, cajarta kuma 30W ce kacal, ƙaramin sola ko fawa-bank mai ƙarfi ya ishe ta. Ga ɗan jarida ko mai haɗa bidiyo da ke yawo, zaɓi ne mai kyau. Amma RAM da SSD duk a liƙe suke. Mai 8GB da 256GB haka za ta dawwama, kuma shi kansa Apple tun Oktoban 2024 ya mayar da 16GB mafi ƙanƙanta a MacBook Air. In SSD ta mutu, maganar bod ce. Manhajoji irin su SolidWorks, Revit da ArcGIS Pro na Windows ne, ɗaliban injiniya da zanen gine-gine da taswira su sani. Mai sayen ta hannu kuma ya tabbatar an fitar da asusun iCloud na mai ita na farko, an goge ta an sake kunnawa a gabansa har ta shiga, ba tare da ta nemi izinin wani kamfani ba. In ta nema, a bar ta a nan komai arahar ta.

Irin wannan kulle yana faruwa a kwamfutocin ofis ma. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunnawa, ka ga ko an sa kalmar sirri ta mai kula. A ThinkPad cire ta ba ƙaramin aiki ba ne. Sauran gwaji ba ya wuce rabin awa. Rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, rahoton zai nuna ƙarfin batir na asali da abin da yake ɗauka yanzu. Wanda ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100, a rage maka kuɗin sabo. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyar SSD da awannin da ta yi aiki. Ka danna kowane harafi, ka buɗe farin shafi da baƙi ka duba tabo a allo, ka buɗe murfi ka rufe ka ji hinji, ka gwada kyamara da lasifika da kowane rami. Ka bar bidiyo na tafiya minti ashirin ka saurari fanka, domin kwamfutar da ke huci a shago mai sanyi ba za ta jure Afrilun Kano ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Idan murfin ƙasa ya kumbura ko wurin taɓawa ya ɗago, batir ne ya kumbura, haɗari ne.

Wa ya kamata ya sayi sabuwa, to? Ofis ko makaranta da ke sayen guda ashirin kuma ke buƙatar takardu, wanda ke zaune kusa da cibiyar gyara ta kamfani, wanda kuɗinsa ya kai ga mai 16GB daga dillali sananne, da wanda ba shi da kowa da zai raka shi gwaji. Ga waɗannan garanti kuɗi ne da aka kashe a muhallinsa. Amma wanda kuɗinsa bai wuce na Celeron ba, ni dai ba zan ba shi shawarar ya ba da ƙarfin aikin shekara huɗu don takardar shekara ɗaya ba.

Haka na faɗa wa mijin yayata da na je gidan. Ya saurara, ya ce: "To, idan ta mutu bayan wata biyu fa?" Na ce masa za mu ware wani abu daga kuɗin mu ajiye, shi ne garantinmu, kuma yana hannunmu. Ranar Asabar muka je kasuwa da yarinyar. Mun duba T480 guda huɗu: ɗaya zubi na 7 ce, ɗaya allonta mai dishi-dishi, ɗaya ramin cajinta guda ba ya aiki. Ta huɗun mai i5-8350U ce da allon IPS, da RAM 8GB a gurbi ɗaya. Aka ƙara wani 8GB a gabanmu, ita da kanta ta riƙe sukudireba ta ɗaure murfin, aka rubuta komai a rasit da garantin wata guda. Ragowar kuɗin muka sayi batirin waje mai 72Wh, da soket mai kariya daga hawan wuta, da jaka mai soso, sauran kuma mahaifinta ya sa a ambulan ya rubuta "gyara" a bayansa.